Yadda ake auna tsayin dogayen benaye na duniya

Kambun gini mafi tsawo a duniya yana hannun Burj Khalifa da ke Dubai, mai tsayin mita 828, tun da aka buɗe shi a watan Janairun 2010. Sai dai irin wannan adadi ya dogara ne da inda aka fara awo da kuma inda aka tsaya. Majalisar masana dogayen gine-gine da aka fi sani da CTBUH, wadda aka kafa a Amurka a 1969, ita ce ta shimfiɗa ƙa'idojin da aka fi bi.

Ana fara awo daga daɓen babbar ƙofar shiga da ta fi kusa da ƙasa, wadda masu tafiya a ƙafa ke bi daga waje. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ba sa cikin lissafi. Daga sama kuwa, ma'auni uku ne. Na farko yana tsayawa a ƙarshen ginin kamar yadda aka zana shi, har da tsininsa, amma ban da eriya da sandar tuta. Da shi ake bayar da kambu. Na biyu yana tsayawa a hawa na ƙarshe da mutane ke amfani da shi. Na uku yana kaiwa ƙololuwa, har da eriya.

Bambancin tsini da eriya ya taɓa haddasa taƙaddama a 1996. Tagwayen benayen Petronas na Kuala Lumpur a Malesiya, masu mita 452, sun karɓe kambu daga Sears Tower na Chicago, mai mita 442, saboda an lissafa tsininsu, an ƙi lissafa eriyoyinsa. Alhali kuwa hawan ƙarshe na benen Chicago ya fi nasu nisa daga ƙasa. Hujjar majalisar ita ce, tsini ɓangaren gini ne, eriya kuwa kayan aiki ce da za a iya cirewa ko a ƙara.

Wannan ƙa'ida ta sa magina suna ƙara tsayi da tsinin da ba kowa a ciki. A Burj Khalifa, kimanin mita 244 na sama ba wurin zama ba ne. Amma akwai iyaka: sai aƙalla rabin tsayin gini ya zama wurin da mutane ke amfani da shi kafin a sa shi a jerin benaye. In ba haka ba, hasumiya ce.

Benayen da suka kai mita 600 ƙalilan ne. Cikinsu akwai Merdeka 118 na Kuala Lumpur mai kusan mita 679, da Shanghai Tower na Sin mai mita 632, da benen agogon Makka da alhazai suka sani. Shi ma mita 601 ɗinsa sun haɗa da tsinin da ke ɗauke da jinjirin wata.