Ɗaki a Kulle: Fina-finan Sha'awa da Kisa a Japan

A watan Mayun 1936 wata mata mai suna Abe Sada ta shaƙe masoyinta, Ishida Kichizo, a wani masauki da ke Tokyo, ta yanke al'aurarsa ta tafi da ita. Sai bayan kwana biyu aka kama ta. Wata uku kafin nan wasu matasan hafsoshi suka yi yunƙurin juyin mulki a birnin, ƙasa tana gangarawa zuwa yaƙi, amma zancen Sada ya cika jaridu. Aka yanke mata shekara shida, ta fito a 1941.

Abin da ya dawo da labarinta silima bayan kusan shekara arba'in, talabijin ne. A 1958 an sayar da tikitin kallo sama da biliyan ɗaya a Japan. Zuwa 1970 abin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba. Ƙananan kamfanoni suka koma sayar da abin da talabijin ba ta iya nunawa, wato tsiraici da jini. A 1971 kamfanin Nikkatsu, wanda aka kafa tun 1912, ya bi sahu. Sharaɗinsa ga darakta shi ne a ga tsiraici a kai a kai, sauran kuwa ya yi yadda ya ga dama.

Ta wannan kafa wasu suka shigo da abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Fim ɗin Wakamatsu Koji na 1965, Kabe no Naka no Himegoto, yana faruwa ne a rukunin gidajen siminti irin waɗanda aka jera wa ma'aikata bayan yaƙi. Wani ɗalibi mai shirin jarrabawa yana leƙen maƙwabta da tabarau mai hangen nesa, ba ya magana da kowa, har ya kai ga kisa. Bango ɗaya ne tsakaninsa da mutane, amma ko gaisuwa ba ta haɗa su. Da aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin, wasu a Japan suka kira shi abin kunyar ƙasa. Sai dai mai nazari kada ya ruɗu da yabo: a mafi yawan fina-finan nan mace ce ke shan wuƙa, kuma kyamara ba ta gaggawar kawar da kai.

Labarin Sada ya juya lissafin, domin wuƙar a hannun mace take. Tanaka Noboru ya yi fim a kanta a 1975, Oshima Nagisa ya biyo da Ai no Korida a 1976. Saboda dokar hana batsa, Faransa aka kai fim ɗin Oshima aka wanke. Duk da haka aka gurfanar da shi kan littafin hotunansa, bai fita daga shari'ar ba sai 1982. Kusan duk fim ɗin a cikin ɗaki yake. Akwai wurin da Kichizo ya fito titi, rundunar soja tana maci, mata suna kaɗa tutoci, shi kuwa ya raɓa bango ya nufi inda suka baro, ko kallonsu bai yi ba.