Asalin Harshen Ɗan Adam: Hujjoji da Iyakarsu

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1866 Ƙungiyar Nazarin Harsuna ta birnin Faris ta sa a cikin ƙa'idojinta cewa ba za ta karɓi takarda a kan asalin harshe ba, domin a lokacin hasashe ya fi hujja yawa. Matsalar ita ce magana ba ta barin kufai. Rubutu mafi tsufa, wato na Mesofotamiya, bai wuce shekara 5,500 ba, alhali ƙasusuwan mutane irinmu da aka tono a Jebel Irhoud ta Maroko sun kai kimanin shekara 300,000. Wannan takarda za ta duba hujjoji huɗu da masana suke dogara da su wajen cike wannan giɓi.

2.0 Hujjoji

Ta farko ita ce kwatanta harsuna. Ta wannan hanya Greenberg (1963) ya tabbatar da Hausa da sauran harsunan Cadi a cikin iyalin Afro-Asiya. "Mutu" ta Hausa da "maata" ta Larabci da "mwt" ta tsohon harshen Masar duk saiwarsu ɗaya. Sai dai sauye-sauyen sauti kan shafe kamanni, shi ya sa yawancin masana suke ganin hanyar ba ta wuce shekara 10,000 baya.

Ta biyu ita ce ƙashi. A 1983 an tono ƙashin da ke riƙe tushen harshe na wani mutumin Niyandatal a kogon Kebara na Isra'ila. Ya kai shekara 60,000, kuma sifarsa kusan ɗaya da namu. Wannan ya nuna yiwuwar furuci, amma bai nuna nahawu ba.

Ta uku ita ce ƙwayar gado FOXP2, wadda aka danganta da larurar magana a 2001 bayan nazarin wani iyali a Ingila. A 2007 aka gano Niyandatal ma suna da irin tamu. Duk da haka tsuntsaye da ɓeraye ma suna da nau'inta, saboda haka kuskure ne a kira ta ƙwayar harshe.

Ta huɗu ita ce kayan ado. A kogon Blombos na Afirka ta Kudu an sami jan dutse mai zane da duwatsun wuya na ƙwanson dodon-koɗi masu kimanin shekara 75,000. Yin amfani da alama yana nuna tunanin da harshe yake buƙata.

3.0 Kammalawa

Kowace hujja cikin huɗun nan tana nuna cewa an iya magana, ba ta faɗin lokacin da aka fara ta. Wajibi ne manazarcin harsunan Nijeriya ya bambanta asalin iyalin harsuna, wanda kwatance yake iya kaiwa gare shi, da asalin harshe kansa. Duk mai cewa harshen kaza shi ne na farko a duniya ya tsallake wannan iyaka ba tare da hujja ba.