INA JARUMAR DA ZA TA HAU TAURARO?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. 'Yan'uwana mata na Batsari da Safana, masu karɓar aron littafi ta kan katanga, ku zo mu waiwayi baya. Mai hali ba ya fasa halinsa, amma jarumar littafin Hausa kam ta sake nata.

A gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki, namiji ne ke ɗaura ɗamara ya shiga duniya. Mace fa? Sai dai a aure ta a hanya, ko a same ta tukuici bayan yaƙi. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin tafiya sararin samaniya, wato irin wanda ake kira ƙagaggen labarin kimiyya. To, wa aka ɗauka zuwa saman? Yaro ne, Kilba.

Sai a 1980 Hafsatu Abdulwaheed ta zo da So Aljannar Duniya. Nan Boɗaɗo, 'yar Fulani, ta kafe kan Yasir duk da dangi sun ƙi. Kin ga mace ta fara cewa ga wanda nake so. A 1990 kuma Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? An cire Abu daga makaranta, aka ɗaura mata aure da tsoho, Sarkin Noma. Ba ta tsaya kuka a ɗaka ba. Ta fice, ta nemi ilmi har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ba saurayi ne ya cece ta ba, karatunta ne.

Amma fa duk da haka, yawancin littattafanmu na soyayya a falo suka ajiye jaruma. A kwatanta idonta da gashinta shafi biyu, motar da za ta hau ta Alhaji ce, jirgin kuma wani ke tuƙawa. Ke nan mun ba ta baki, mun hana ta makama.

Wasu sun riga mu. Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya da ke Amurka, ta fitar da The Shadow Speaker a 2007. Labarin a Nijar ta ajiye shi, cikin shekara ta 2070, kuma yarinya Ejii ce ta hau raƙumi ta ratsa hamada da nufin hana yaƙi. Maƙwabtanmu ne fa, nan bayan Jibiya.

Wannan ba zancen nishaɗi kawai ba ne. Mu da ke bakin Dajin Rugu mun san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukanmu da makarantunmu. A Satumbar 2021 har layin waya aka katse mana. Yarinyar da ta tashi cikin haka, in duk littafin da ta buɗe jira yake koya mata, me za ta yi in mai ceton bai zo ba?

Don haka marubuta mata, a bar jaruma ta yi soyayyarta cikin mutunci, amma a sa mata aiki a hannu. Ta haƙo ruwa inda rijiya ta ƙafe, ta haɗa magani, ta tuƙa jirgin da kanta, masoyin ya zauna gefenta. Iyaye kuma, ku riƙa duba abin da 'ya'yanku ke karantawa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya mai da 'ya'yanmu aji, amin.