Baitulmali da Haƙƙin Mabukata a Katsina: Daga Zakka Zuwa Rabon Tallafi

Gabatarwa

Duk lokacin da ƙaramar hukuma ta yi rabon hatsi ko kuɗi a birnin Katsina, sai muhawara ta tashi. Wasu su ce almubazzaranci ne da dukiyar jama'a, yana kuma kashe zuciyar majiya ƙarfi. Wasu kuwa su ce haƙƙin talaka ne, tun da dukiyar ta kowa ce. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin al'amarin, domin a gano inda ɓarnar ta samo asali.

Kafin Zuwan Turawa

Bayan da Malam Ummarun Dallaje ya kafa mulki a Katsina wajejen 1807, ya nemi Muhammadu Bello ya rubuta masa jagora kan sha'anin mulki, shi ne littafin Usulus Siyasa. A ciki Bello ya ɗora wa shugaba nauyin raya masu sana'a, kamar manoma da maƙera da marina da mahauta, tare da tanadin abinci da gyaran kasuwanni da hanyoyi. Watau taimakon hukuma ga mai lafiya shi ne a buɗe masa hanyar nema. Wanda ya gaza kuwa yana da rabo a zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma. Nakasassu suna da shugabanninsu, irin su Sarkin Makafi da Sarkin Kutare, waɗanda suka san mutanensu ɗaya bayan ɗaya. Tsarin bai rasa aibi ba, domin masu sarauta sukan taɓa zakkar, amma dai an san wanda ya bayar, an kuma san wanda ya cancanci karɓa.

Zamanin En'e

Turawa sun ci Katsina a 1903, aka naɗa Sarki Muhammadu Dikko a 1906. A farkon sarautarsa ne shi da Razdan Palmer suka kafa Baitulmali, wanda daga Katsina sauran masarautun Arewa suka kwaikwaya. Aka riƙa raba haraji biyu, rabi ga Gwamnati, rabi ga En'e, aka yanka wa Sarki da hakimai albashi, aka rubuta shige da ficen kuɗi. Wannan ya kawo ƙa'ida a lissafi. Sai dai an narkar da zakka cikin haraji, ana kuma biya da tsabar kuɗi, yawancinsu suna tafiya ga albashi da 'yan doka da gidan yari. Da yunwar Kakalaba ta auku a 1913 zuwa 1914, sai ta tarar da talaka ba madogara. Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita, ya yi bayanin wannan sauyi a littafinsa na 1983. Ba abin mamaki ba ne, domin su Turawan sun fito daga Ingila, inda dokar matalauta ta 1834 ta ƙuntata agaji da gangan don kada mai lafiya ya saba da shi.

Ƙananan Hukumomi

Gyaran 1976 ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi masu samun kaso daga asusun tarayya. A 1979 kuma gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, wadda Katsina take cikinta har 1987. Talaka ya huta da azabar masu karɓar haraji, amma wani abu ya salwanta: kuɗin hukuma suka zama na man fetur, ba wanda yake jin daga guminsa suka fito, balle ya tambayi yadda aka kashe su. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da gidajen gajiyayyu, duk da haka abin da aka fi gani shi ne rabon buhuna da azumi ko gab da zaɓe, inda kusanci da ɗan siyasa yakan rinjayi bukata. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuli 2024, cewa a biya ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya taɓa hanyar zuwan kuɗi ne kawai, bai taɓa yadda ake raba su ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kowane ɓangare na masu muhawara ya riƙe rabin gaskiya. Ciyar da makaho da maraya da tsohuwar da ba ta da kowa wajibi ne tun zamanin Dallaje. Ɓarna tana shigowa ne inda aka yi rabo ba rajista, ba lissafi, aka haɗa gajiyayye da ƙato a layi ɗaya. Haka kuma, kafin a zargi matashi da mutuwar zuciya, ya kamata a tambayi hukuma ko ta sauke nauyin da Bello ya ambata na raya gona da kasuwa da sana'a. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, kuma wanda ya karɓi kason jama'a shi ne farkon wanda karin maganar ta hau kansa.