Yadda Satifiket Ya Shigo Sana'ar Daidaita Na'urorin Awo

Ranar 20 ga Mayun 2025 yarjejeniyar mita da aka ƙulla a Faris ta cika shekara 150. An yabi masana da manyan cibiyoyi, amma ba a cika tuna ma'aikacin da ke ɗakin gwaji ba, wanda ke ɗaga dutsen awo da safar hannu don kada gumin yatsa ya ƙara masa nauyi. Shi kuwa abin da ke damunsa daban ne: satifiket ɗin ƙwarewa zai ɗaga shi a wurin aiki, ko cin kuɗi ne kawai?

Duba ma'auni tsohon aiki ne. A biranen Musulunci muhtasibi ke zaga kasuwa yana bincikar sikeli da abin awon hatsi. Ƙasashe 17 da suka sa hannu kan yarjejeniyar a 1875 sun amince da mita ɗaya da kilo ɗaya, amma ba su ce uffan a kan wanda zai riƙe na'urar ba.

Sojan Amurka ne suka mayar da aikin sana'a sosai. A 1960 suka fitar da ƙa'idar MIL-C-45662, wadda ta tilasta wa 'yan kwangilarsu daidaita na'urorinsu ta yadda za a iya bin sawun kowane awo har zuwa ma'aunin ƙasa. Sojan sama suna da makarantar koyar da aikin a sansanin Lowry da ke Kolorado, kuma shekara da shekaru kamfanoni sun dogara da waɗanda suka fito daga irin wannan horo. Tsohon soja ba ya buƙatar wata takarda, sunan makarantarsa ya ishe shi. Da Yaƙin Cacar Baka ya ƙare aka rage sojoji, aka rufe Lowry a 1994, horon ya koma sansanin Keesler. A 1995 aka soke ƙa'idar sojan da ta gaji MIL-C-45662.

Wasu na cewa ƙa'idar ISO/IEC 17025 ta 1999 ce ta haifi satifiket ɗin. Ban yarda ba. Ƙa'idar ta ce lalle ɗakin gwaji ya nuna ma'aikatansa sun iya aiki, amma ba ta ambaci wata jarrabawa ko takarda ba; kowane kamfani na iya horar da nasa ya ajiye shaida a fayil. A ganina ƙafewar rijiyar soja ce ta sa masu ɗaukar aiki suka rasa abin da za su auna baƙo da shi. Wannan giɓin ƙungiyar ingancin aiki ta Amurka, ASQ, ta cike a 2003, da ta fara jarrabawar CCT ta ma'aikatan daidaita na'urori. Sharaɗinta shekara biyar ta aiki, ana rage wani abu ga mai karatun da ya dace, kuma ana sabunta takardar duk shekara uku.

Darajarta a nan take: takardar amincewa da ake ba ɗakin gwaji ta kamfani ce, ran da ka ajiye aiki a bango za ka bar ta. Ta CCT kuwa taka ce, duk inda ka nufa da ita za ka tafi. Tana da rauni, gaskiya ne. Jarrabawar ta zaɓen amsa ce, har da littafi ake shiga, don haka ba ta nuna ko mutum yana da haƙurin jiran na'ura ta saba da zafin ɗaki kafin ya karanta ta. Duk da haka tana tilasta masa sanin lissafin rashin tabbas na awo, abin da yawancin masu koyo a hannun maigida ke tsallakewa.

A Najeriya, inda litar gidan mai ta zama abin ƙorafin kullum, muna da hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, da cibiyar awo ta ƙasa a Enugu, da NiNAS mai tantance ɗakunan gwaji. Amma matashin da ya fito daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna ko Kano, in yana son CCT, da dala zai biya. Ya kamata SON da hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha su zauna su tsara jarrabawar gida mai gwajin aikin hannu, wadda za a biya da naira.