"Rolling in the Deep": murya daban, mai karɓar kuɗi daban

Yau waƙa za mu taɓa, amma fa lissafi na kawo muku, don haka a gyara zama.

Ranar 29 ga Nuwamba 2010, wata 'yar Landan mai shekara 22, Adele Adkins, ta saki waƙa mai suna "Rolling in the Deep". Ita da wani mai haɗa kiɗa, Paul Epworth, suka rubuta ta, bayan ta rabu da saurayinta ranta a ɓace. A Ingila matsayi na biyu ta tsaya. Amurka ce ta rungume ta hannu bibbiyu, ta yi mako bakwai tana ta ɗaya a jerin Billboard a 2011. Kundin da waƙar ke ciki, mai suna 21, ya yi mako 24 a saman jerin Amurka, an sayar da kwafi sama da miliyan 30 a duniya. Ku tuna lokacin kasuwar faifai ta durƙushe, kowa sauke waƙa yake yi kyauta a intanet. A Fabrairu 2012 Adele ta kwashe kyautar Grammy shida a dare ɗaya.

To, wanda ya saurari waƙar da kunnen basira zai ji tafi, zai ji 'yan amshi mata, zai ji murya na hawa kamar ta mai wa'azi. Wannan salo ba a Landan aka haife shi ba. Sunansa soul, kuma daga cocin baƙaƙen fatar Amurka ya fito. A 1954 Ray Charles ya ɗauki karin waƙar coci ya ɗora masa kalaman soyayya a "I Got a Woman", masu addini suka yi ta tsine masa. Daga nan ƙofa ta buɗe: Sam Cooke, kamfanin Motown a Detroit, Stax a Memphis, Etta James, Aretha Franklin. Adele ba ta taɓa ɓoye wannan ba. Ta sha faɗa cewa tana yarinya ta ci karo da faifan Etta James a shago, daga nan ta koyi sarrafa murya. Shi ya sa ni ban yarda da masu cewa sata ta yi ba. Wanda ya ambaci malaminsa ba ɓarawo ba ne.

Abin da ke damuna shi ne me su malaman suka samu.

Ku ɗauki Ruth Brown. A shekarun 1950 waƙoƙinta ne suka ɗaga kamfanin Atlantic, har ana masa laƙabi da gidan da Ruth ta gina. Da kasuwarta ta ja baya, matar nan sai da ta koma aikatau da tuƙin motar 'yan makaranta. Kamfanin kuwa lissafinsa na nuna ita ce ma ake bi bashi, wai kuɗin ɗaukar waƙa. Sai a shekarun 1980 ta samu lauya suka tada maganar, rigimar da ta kai ga kafa gidauniyar Rhythm and Blues Foundation a 1988 don tallafa wa tsofaffin mawaƙa.

Ga inda zancen yake, kuma a nan nake so masu sha'awar waƙa cikinku su buɗe kunne. Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta. Akwai na wanda ya rubuta kalmomi da kari, akwai na muryar da aka naɗa, wanda galibi kamfani ke riƙewa. A dokar Amurka, idan gidan rediyon AM ko FM ya sa waƙa, marubuci da kamfanin da ke kula da rubutunsa ake biya. Mai rerawa ko sisi. Kun san "Respect" ta 1967, waƙar da ta zama taken mata da masu fafutukar 'yancin baƙar fata? Otis Redding ne ya rubuta ta a 1965. Aretha ta sake mata fasali gaba ɗaya, ta mai da ita tata a kunnen duniya, amma duk sanda rediyo ya sa ta, kuɗin ɓangaren Redding yake tafiya. Wasu sun farga da wuri. Sam Cooke ya kafa kamfaninsa na kansa, Ray Charles kuma da zai koma ABC-Paramount a 1959 sai da ya sa sharaɗin mallakar faifansa.

Adele ta shigo da sunanta a takarda a matsayin marubuciya tun ranar farko. Ta yi makarantar BRIT a Croydon, inda ake koyar da waƙa har da yadda harkar ke tafiya, ta gama a 2006, a shekarar kuma ta sa hannu da XL Recordings. Ba zan ce launin fata bai taimaka mata ba, ya taimaka. A Amurka har 1949 jerin waƙoƙin baƙar fata na Billboard sunansa na launin fata ne ƙarara, kafin a canza shi zuwa Rhythm and Blues, kuma wannan shingen bai gama rushewa ba. Baturiya mai irin muryar nan tana shiga tashoshin da mai baƙar fata za ta daɗe a bakin ƙofa.

Etta James ta rasu ranar 20 ga Janairu 2012, mako uku kafin daren da Adele ta tara kofunanta. A 2014 kuma Aretha Franklin da kanta, tana da shekara 72, ta sake rera "Rolling in the Deep" a kundinta na waƙoƙin manyan mawaƙa mata. Ku neme ta ku ji, wallahi muryar na nan da ƙarfinta. Kason marubuci na wannan naɗin ma, Adele da Epworth na cikin waɗanda ya tafi wa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.