Gidan Waƙar da Ya Koma Gareji

'Yar uwa, idan Allah Ya kai ki birnin Alƙahira na ƙasar Misra, ki ce da direban tasi ya kai ki Dandalin Ofera. Ba zai tambaye ki ko ina ne ba, zai ja mota kawai. Sai kin sauka ki waiwaya gabas da yamma ki ga babu wani gidan ofera a gurin. Abin da za ki gani shi ne wani ƙaton garejin kankare mai hawa-hawa wanda ake ajiye motoci a ciki, da mutum-mutumin Ibrahim Basha a kan doki ya miƙe hannu yana nuni. Gidan da aka raɗa wa dandalin sunansa ya ƙone tun 1971.

Ita ofera wasan kwaikwayo ce ta Turawa, wadda 'yan Italiya suka fi kowa shahara da ita. Kin san yadda fim ɗin Indiya yake, ana magana ana magana sai a ɓarke da waƙa? To ita wannan kusan komai a waƙe ake faɗarsa, faɗa da kuka da rarrashi duk a cikin waƙa, ga makaɗa da yawa a wani rami a gaban dandamali. Saboda haka take buƙatar gida na musamman wanda murya za ta kai ko'ina ba tare da lasifika ba.

Wanda ya gina na Alƙahira shi ne Isma'ila Basha, ɗan wancan Ibrahim ɗin na kan doki, ya mulki Misra daga 1863 zuwa 1879 a ƙarƙashin Sarkin Musulmi na Istanbul. A Faransa ya yi wani ɓangare na karatunsa, kuma a 1867 ya koma Faris ya tarar an rushe lunguna an fitar da manyan tituna miƙaƙƙu masu bishiyoyi. Abin ya shiga ransa. Ga shi kuma ana dab da gama haƙa mashigin ruwan Suwes, za a yi bikin buɗewa a Nuwamban 1869, sarakunan Turai za su zo, har da Yujini matar Sarkin Faransa. Isma'ila ya ga ba zai yiwu baƙi irin waɗannan su zo su tarar ba shi da inda zai kai su kallo da dare ba.

Sai aka kira wani magini ɗan Italiya mai suna Pietro Avoscani, aka ce ya yi wanda zai yi kama da La Scala, shahararren gidan ofera na birnin Milan. Lokaci ya ƙure, don haka a cikin wata shida aka gama. Yaya aka yi? Da katako. Mafi yawan jikin gidan katako ne, aka bi shi da filasta da ado, ta yadda wanda ya tsaya a titi zai rantse dutse ne. Ki riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Gurin da aka zaɓa ma ba a banza aka zaɓe shi ba. A gefen lambun Azbakiyya aka kafa shi, daidai kan iyakar tsohon gari mai lunguna da kasuwanni da masallatai, wanda ya miƙa har Azhar, da kuma sabuwar unguwar Isma'iliyya mai faffaɗan tituna irin na Faris. Fari ne tas, da ginshiƙai a gabansa da baranda a sama, ga fili an bar masa a gaba domin keken doki ya tsaya manya su sauko. Ba a ɓoye shi a bayan katanga ba, a bakin titi yake, mai tallan ruwa da mai jaki duk suna ganinsa. Gani dai kam kyauta ne. Shiga kuwa, gurin mutum 850 ne kacal a ciki, kuma waƙoƙin da harshen Italiya ake yin su.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikin gidan shi ne ɓangaren mata. A jikin bango an jera ƙananan ɗakuna hawa bisa hawa, an yi musu ado da ruwan zinare, kowanne yana fuskantar dandamali. A Turai matan masu kuɗi sukan zauna a irin waɗannan ɗakuna ne don a ga kwalliyarsu, kallon junansu ma wani lokaci ya fi kallon wasan. A Alƙahira kuwa sai aka rufe gaban wasu ɗakunan da raga, tamkar asabari a ƙofar ɗaki, domin matan gidan sarauta su kalli wasa ba tare da an kalle su ba. Salon gidan an ɗauko shi daga Milan, wannan guda ɗaya ne na gida, kuma ni a ganina shi ne gurin da maginin ya tuna a wace ƙasa yake aiki.

An buɗe gidan ran 1 ga Nuwamba 1869 da wasan Rigoletto na Verdi. Wasan da aka yi wa Misra takanas, wato Aida, sai ran 24 ga Disamba 1871 aka fara nuna shi, domin a Faris aka ɗinka kayan wasan, Jamusawa kuma suka yi wa birnin ƙawanya kayan suka maƙale. Labarin soyayya ne irin wanda muke so: 'yar sarkin Habasha ce aka kamo baiwa, ita da sarkin yaƙin Misra suka kamu da son juna, ga 'yar Fir'auna ita ma tana sonsa. A ƙarshe a kabari ɗaya aka rufe su da ransu.

To amma da wane kuɗi aka yi duk wannan? Kuɗin auduga ya ja baya tun da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, sai Isma'ila ya dinga cin bashi a bankunan Turai yana gina fadoji da tituna da layin dogo, manoma suna biya da haraji. Mu da muka san yadda ake cin bashi a cika ɗakin amarya don 'yan ganin ɗaki, ba sai an yi mana dogon bayani ba, kayan aro ba ya rufe katara. A 1875 ya sayar wa Ingila hannun jarin Misra na mashigin Suwes a kan kusan fam miliyan 4. A 1879 masu bin bashi suka matsa aka tuɓe shi, a 1882 sojan Ingila suka shigo ƙasar. Ba zan ce gidan ofera ne ya ja wannan ba, kuɗinsa ƙanƙane ne a cikin bashin, sai dai shi ne fuskar abin da kowa yake gani.

Duk da haka gidan ya daɗe fiye da wanda ya gina shi, ya ga fitar Ingilishi, ya ga ƙarshen sarauta. A hankali 'yan Misra da kansu suka hau dandamalinsa suna wasa da Larabci, ya zama nasu, suna alfahari da shi. Da asubahin 28 ga Oktoba 1971, saura wata biyu Aida ta cika shekara 100, wuta ta kama. Katakon nan da aka yi sauri da shi ya shekara 102 yana bushewa, kafin rana ta ɗaga ya zama toka, tare da tufafin wasa da kayan kiɗa da takardun da aka tara tun zamanin Isma'ila.

Alƙahira ta shekara 17 babu gidan ofera. A 1988 aka buɗe sabo a tsibirin Jazira da ke tsakiyar kogin Nilu, kyauta daga ƙasar Japan, da ƙubba da bakuna irin na ginin Musulunci, ya kuma fi tsohon ɗaukar jama'a. Sai dai shi a cikin harabarsa yake, sai ki shiga ƙofa ki taka kafin ki isa gare shi. A tsohon gurin kuwa aka zuba kankare aka yi garejin nan, shi ma mutanen gari Garejin Ofera suke ce masa.